Tun ran gini, ran zane: a saka wa wanda ya bi dokar gini

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, ruwan da ke raya gero shi ne ke kada ɗaki. In watan Agusta ya kama, hadari ya haɗo cikin dare, maigida ba ya barci da nauyi. Yana murna don gona, yana fargaba don bango. Haka abin yake a Birnin Ƙwanni da Tsarnawa da Bazaga da Allela. Haka yake a Malbaza da Dogerawa. Haka yake a Illela da Badagishiri da Tajaye.

Daminar 2024 ta nuna mana girman wannan al'amari. Bisa ƙidayar gwamnati, mutum kusan 400 suka rasu a Nijar saboda ruwa. Waɗanda ɓarna ta shafa sun fi miliyan ɗaya da rabi. Jihar Tawa tana cikin jihohin da suka fi yawan rashi, tare da Maraɗi da Damagaram. Tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi a farkon watan Satumba. An ɗaga ranar komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, don dubban iyalai suna kwana cikin azuzuwa.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Yawancin waɗanda suka rasu, gini ne ya faɗo musu. Sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Ke nan babban abin da ya kashe mutane yana cikin gida, kuma hannun mutum ne ya gina shi. Abin da hannu ya gina, hannu yana iya gyara shi.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne: ƙasarmu tana da dokar gini, amma tsoron tara kaɗai ba zai sa a bi ta ba. Ya kamata gwamnati ta saka wa wanda ya bi doka da alheri. Ta saka wa maigida, ta saka wa magini, ta saka wa ƙaramar hukumar da ta tsaya a kan aikinta.

Me ya sa ɓarnar ruwa take ƙaruwa?

Dalili na farko, ruwan ya sake hali. Masana yanayi sun bincika hotunan sararin sama na shekaru masu yawa. A 2017 suka bayyana cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin mako biyu yana iya sauka cikin dare ɗaya.

Dalili na biyu, ƙasa ta yi tsirara. An sare itatuwa, ciyawa ta ragu, fako ya yawaita a kan duwatsun Adar. Ruwa ba ya samun abin da zai tsayar da shi ya nutse. Sai ya gangaro da gudu cikin ƙoramu, ya cika gulbin Majiya da kwarin Badagishiri, ya ɗebo yashi ya zuba a gonaki da garake.

Dalili na uku, mun yi yawa. A ƙidayar 1988 mutanen Nijar sun kai miliyan 7 da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. Kowane saurayi da ya yi aure yana buƙatar ɗaki. Gari ya faɗaɗa, ya shiga wuraren da kakanni suka bari da gangan. A shekarun fari, wato 1973 da 1984 da waɗanda suka biyo baya, fadamu da yawa sun bushe. Mutane suka ɗauka ruwa ya tafi ke nan, suka yanka fili suka yi gini. To, ruwa yana sane da hanyarsa. Ko ya yi shekara talatin bai bi ta ba, wata rana zai dawo.

Yadda ɗakin ƙasa yake faɗuwa

Ɗakin ƙasa ba ya faɗuwa haka kawai. Ta wuri uku ruwa yake cin sa.

Na ɗaya, ta gindi. In ruwa ya kwanta jikin bango, tubalin ƙasa yana shan sa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Gindin ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, bango ya zauna.

Na biyu, ta rufi. Mu yi lissafi tare. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, rufinsa murabba'in mita 16 ne. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. In aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, lita 800 suka sauka a kan wannan rufi. Tano huɗu ke nan masu cin lita 200. In indararo ya toshe, ruwan nan zai kwanta a sama, ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi. In kuma gara ta riga ta ci azara, rufin zai rufto a kan masu barci.

Na uku, ta tsaga. Tsagar da ka raina da rani, ita ce ƙofar ruwa da damina. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu, na shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye. Siminti da ƙasa ba su riƙe juna sosai. Shafen yana ɓamɓarewa daga ciki, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki ya ruɓe.

In ɗaki ya faɗi, rashin lafiya tana biye. Salga ta cika ta yi ambaliya, ƙazanta ta shiga rijiya, amai da gudawa su ɓarke. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, har da jiharmu. Ramin da aka haƙa don buga tubali ya zama kududdufi, sauro ya hayayyafa, yara su kwanta da zazzaɓi. In rumbu ya faɗi, hatsin da zai kai gida kaka ya tafi, wani lokaci har da iri. Saboda haka zancen gini zancen lafiya ne, kuma zancen noma ne.

Doka tana nan, amma wa ya san ta?

Nijar ba ta rasa dokoki ba. A 2017 an yi dokar tsara birane. A 2018 an yi dokar gini da muhalli, tare da ƙa'idojin neman izinin gini. Tun 1993 akwai dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye a gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye.

To, mu tambayi kanmu. Cikin magidanta goma na ƙauye, nawa ne suka taɓa ganin takardar izinin gini? Cikin maginanmu, nawa ne aka taɓa karanta musu abin da doka ta ce?

Dalilan rashin bin doka a fili suke. An rubuta ta da Faransanci. Tana neman zanen gida da takardun fili, waɗanda mai ɗakin ƙasa ba ya da su. Ofishi yana da nisa, zuwa da dawowa kuɗin mota ne da asarar yinin aiki. Ma'aikatan da za su duba gini kaɗan ne, wasu ko babur ba su da shi. Ita kuma ƙaramar hukuma, sayar da filaye yana cikin hanyoyin samun kuɗinta. In ta hana yanka fili a kwari, kuɗi ta rasa. In ta tsawata wa mai gini, baƙin jini ta saya. Babu abin da take samu in ta tsaya a kan doka. Wanda aka ba aiki mai wuya, babu lada sai tsangwama, da wuya ya yi shi da zuciya ɗaya.

Dubi kuma yadda taimako yake zuwa. Bayan ɓarna ake kawo shinkafa da barguna da gidan sauro. Wannan taimako wajibi ne, babu mai cewa a daina. Amma wanda ya kashe kuɗinsa ya yi harsashi da dutse, ɗakinsa bai faɗi ba, babu wanda ya ce masa sannu. Mun ware kuɗi don bayan ɓarna, mun bar rigakafi hannu wofi. Alhali kowa ya san rigakafi ya fi magani.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

A 2010 an yi girgizar ƙasa biyu. Ta farko a Haiti, cikin watan Janairu. Ta biyu a Chile, cikin watan Fabrairu, kuma ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. A Haiti mutum fiye da 100,000 suka rasu. A Chile ba su kai 600 ba. Dalilai suna da yawa, amma babba cikinsu shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta.

Turkiyya tana da dokoki masu kyau a takarda. Amma a 2018 an yi afuwa, aka ce wanda ya yi gini ba bisa ƙa'ida ba ya biya kuɗi a ba shi takarda. A watan Fabrairu na 2023 girgizar ƙasa ta kashe mutum fiye da 50,000 a can. Takardar da aka saya ba ta riƙe bango ba.

Amurka ta gwada hanyar lada. Tun 1990 akwai wani tsari a can. Garin da ya ɗauki matakan kare kansa daga ambaliya fiye da abin da aka wajabta, ana rage wa mutanensa kuɗin inshorar ambaliya, daga kashi 5 har zuwa kashi 45 cikin ɗari. Sai mutanen gari da kansu suke matsa wa hukumarsu ta yi aiki, don amfanin yana shiga aljihunsu. Wata cibiyar nazarin gine-gine ta ƙasar ta yi lissafi a 2019. Ta ce kowace dala ɗaya da aka kashe wajen bin sababbin dokokin gini tana hana asarar dala 11.

Mu ba mu da girgizar ƙasa irin tasu, kuma inshorar gida ba al'adarmu ba ce. Amma darasin ɗaya ne. Dokar da mutum yake ganin ribarta a hannunsa, ita ce yake bi ko babu ɗan sanda.

Mu ma muna da abin nunawa

Kada wani ya ce gini mai ƙarko sai da siminti da rodi. A ƙauyen Yama, nan ƙasar Badagishiri, akwai masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. A Dandaji an gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da na'ura, aka gama a 2018, aka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Tun 1980, daga Cikal ta ƙasar Filinge, aka fara koya wa magina a Nijar gini marar itace, mai rufin tubali a lanƙwashe. Irin wannan rufi ba ya buƙatar azara, gara ba ta da abin ci, giginya kuma ta tsira.

Ga siminti a ƙofar gida. Tun shekarun 1960 ake yin sa a Malbaza. Ga dutse da marmara ko'ina a Adar. Ga magina da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni. Kayan aiki da gwaninta suna nan. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai haɗa su.

A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage farashin siminti ta hanyar yafe wasu haraji. Mataki ne mai kyau, kuma ya nuna cewa hukuma tana iya sauƙaƙa wa mai gini in ta so. Sai dai rangwamen na kowa ne. Mai gina kantuna a birni ya samu. Wanda ya koma kwari ya sake gini a hanyar ruwa shi ma ya samu. Mai ɗakin ƙasa wanda ba ya iya sayen buhu ko biyu, shi ne bai ga komai ba. Muna ganin ya kamata a ƙara mataki na biyu, wato rangwame na musamman mai sharaɗi.

Ladan da muke ba da shawara

Na farko, a taƙaita dokar ɗakin ƙasa a takarda ɗaya, cikin Hausa da sauran harsunanmu. Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a fara da abin da ke ceton rai. Takardar ta zama da hotuna. A manna ta a ƙofar maigari da kasuwa da ɗakin shan magani. A karanta ta a gidajen rediyon karkara kafin lokacin buga tubali.

Na biyu, ladan maigida. Izinin gina ɗakin ƙasa ya zama kyauta, kuma a same shi a ƙauye. Wanda ya yi gini a wurin da aka yarda, ya haƙa harsashi yadda aka ce, a ba shi takardar sayen siminti buhu biyar ko shida a rabin farashi. Simintin na harsashi ne da gindin bango da bakin indararo kawai. A ba da shi kashi biyu: rabi bayan an ga rami, rabi bayan an ga dutse ya fito saman ƙasa. A fara da gwauraye mata da tsofaffi da waɗanda ɗakinsu ya faɗi.

Na uku, ladan wanda ya yarda ya tashi daga kwari. Ba daidai ba ne a ce wa mutum tashi, ba a nuna masa inda zai je ba. A ba shi fili a tudu, da takardar mallaka daga kwamitin filaye. A kai ruwan sha da hanya da makaranta kafin a kai mutane. An sha gani a ƙasar nan, in aka kai mutane wurin da babu rijiya, ruwa na janyewa suke komawa tsohon gida. Filin da aka bari kuma a dasa itatuwa ko a mai da shi garka, don kada wani ya zo ya sake gini.

Na huɗu, ladan magini. A horar da magina da rani, a ba su abinci da ɗan abin kashewa a kwanakin horo. A ba wanda ya ƙware takardar shaida. In za a gina aji ko ɗakin shan magani ko bankin hatsi, a fara neman mai shaida na yankin. In ɗakin da ya gina ya faɗi saboda ha'inci, a karɓe shaidar. A sa sarakunan magina cikin aikin, don maganarsu tana da nauyi wajen yaransu.

Na biyar, ladan ƙaramar hukuma. Gwamnati tana da hukumar da ke raba wa ƙananan hukumomi kuɗin tallafi, wadda ake kira ANFICT. Muna ba da shawara a ware wani ƙari da ba za a ba kowa ba sai wanda ya cika sharaɗi. Sharuɗɗan su zama abin da ido ke gani. An kafa duwatsu masu fenti a iyakar da ruwa ya kai? An daina sayar da fili a cikin wannan iyaka? An yashe magudanai kafin watan Yuni? An ɗauki mai duba gini an ba shi babur? Ƙaramar hukumar da ta cika waɗannan, a ƙara mata kuɗin rijiyoyi da azuzuwa, a faɗi sunanta a rediyo. Ta haka abin da ta rasa na sayar da kwari zai dawo mata ta hanya mai tsabta.

Na shida, gwamnati ta fara da kanta. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ba, ta Yamai a watan Afrilu na 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar. Kowacce ta ci yara 20 ko fiye. Ginin hukuma shi ne madubi. In aji da ɗakin haihuwa suna kan tudu, da harsashi mai kyau, mutane za su kwaikwaya. Ranar ambaliya kuma su zama mafaka.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta babu makawa. Gaskiya ne rai da ajali a hannun Allah suke. Amma manomi ba ya zama ya ce in an rubuta zan ci. Yana shuka, yana noma, yana maimai, sannan ya roƙi albarka. Wanda ke yi wa rumbu jinka kowace shekara ya riga ya yarda da yin dabara. Ɗakin da ƴaƴansa ke kwana ya fi rumbu cancantar dabara.

Wani zai ce gwamnati ba ta da kuɗi. Wannan magana ce mai nauyi, don buƙatu suna da yawa. Amma kuɗin ana kashe su ko an so ko ba a so. Ana kashe su a buhunan abinci da tantuna da magunguna da gyaran azuzuwa, shekara bayan shekara. Buhu shida na siminti sau ɗaya ake saye. Ɗakin da ya faɗi kuwa ana iya gina shi sau uku a wuri ɗaya. Ba mu ce a fara da ƙasa duka ba. A fara da ƙauyuka kaɗan na bakin Majiya da kwarin Badagishiri. Bayan damina uku a ƙirga ɗakunan da suka faɗi a can da na maƙwabta, lissafi ya yi hukunci.

Wani zai ce za a sace simintin, ko a raba wa ƴan'uwa da abokai. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne a yi komai a bainar jama'a. A rubuta sunayen masu karɓa da yawan buhu, cikin Hausa, a manna a dandali. Kwamitin duba aiki ya ƙunshi maigari da liman da wakiliyar mata da magini da wanda ya iya rubutu. Waɗanda za su auna aikin ƙaramar hukuma su zo daga wata gunduma. Ɓarawo ba ya son wurin da kowa ya iya karanta lissafi.

Wani zai ce wannan wata hanya ce ta matsa wa talaka. Da tara muka sa a gaba, da maganarsa ta yi daidai. Shi ya sa muka sa lada a gaba. Hukunci mai tsanani a ajiye shi don wanda ya sayar da fili a hanyar ruwa yana sane, da ɗan kwangilar da ya rage siminti a ginin jama'a, da mai kuɗin da ya toshe magudana ya tura wa maƙwabta ruwa. Wanda kuma ɓarna ta same shi, ko a ina ya yi gini, a ba shi abinci da magani babu sharaɗi. Sharaɗi yana kan taimakon sake gini kaɗai.

Abin da za ka iya yi tun yanzu

Kafin hukuma ta motsa, akwai aikin da ba ya jiran kowa.

1. Kafin ka yi gini, tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa. Dubi kuma alamar da ruwan 2024 ya bari a bango da jikin itace. Yi gini sama da nan.

2. Haƙa harsashi har ka tarar da ƙasa mai tauri. Cika shi da dutse ko marmara, ya fito saman ƙasa kamar kamu ɗaya. In da hali, shimfiɗa leda mai kauri kafin ka ɗora tubalin farko.

3. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi tudu. Yi dokin ƙofa. Tara ƙasa jikin bango ta gangara waje.

4. Cuɗa ƙasar tubali da ciyawa, ka bar ta ta kwana biyu ta tsima. Bar tubali ya bushe sarai kafin a gina.

5. Rufi ya zama da gangara. Indararo ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da bango. Zuba duwatsu inda ruwan ke sauka. Share shi bayan kowane ruwa.

6. Kada ka riƙa ƙara ƙasa a kan rufi kowace shekara ba ka kwashe tsohuwa ba. Ƙwanƙwasa azara ka ji. In ta yi ƙarar holoƙo, gara ta cinye cikinta, sai a sake ta.

7. Yi yaɓe kafin ruwan fari, ka toshe kowace tsaga.

8. Haƙa salga a gangaren rijiya, da nisan aƙalla mita 30. Ɗaga bakinta, ka yi mata murfi. Cike ramin tubali da ke kusa da gida.

9. Ɗora rumbu a kan duwatsu masu tsayi, a wuri mafi tudu. Sake jinka in ta tsufa.

10. In ruwa ya daɗe yana zuba, ka ga sabuwar tsaga, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, fitar da iyali nan take. Kada ka koma ɗaukar kaya.

Mata su ne suka fi sanin inda ɗaki ke yoyo, don su ke tara kwanoni cikin dare. A saurari maganarsu tun da rani.

Kira ga masu karatu

A karanta wannan shafi a aji, a karanta wa waɗanda ba su iya ba. Kowane ƙauye ya zauna ya amsa tambaya uku. Ɗaki nawa ne suka faɗi a nan a damina biyu da suka wuce? A wace unguwa suka fi yawa? Ta ina ruwa ya ci su, gindi ko rufi? A rubuta amsa a takarda, maigari ya sa hannu, a kai ma'aikatar magajin gari, a ajiye kwafi a ƙauye. Hukuma ta fi jin magana in ta zo da lissafi.

Ga shugabanninmu na Ƙwanni da Malbaza da Illela, da na Tawa da Yamai, roƙonmu shi ne ku ware wani kaso na kuɗin agaji ku kai shi gaban ɓarna. Ku sa bin dokar gini ya zama abin da talaka zai ci riba da shi. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Lokacin wannan aiki shi ne rani, sa'ad da tubali ke bushewa kuma hannu ya huta da hauya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da rumbunanmu.